Cin Abinci a Waje a Birnin Sakkwato: Tambayoyi da Amsoshi Kan Zaɓen Gidan Abinci

Birnin Sakkwato ba ya rabuwa da baƙi: masu ziyarar Hubbaren Shehu, masu jinya a asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ɗalibai, 'yan bautar ƙasa, fataken albasa da na fata, direbobin hanyar Illela. Kowannensu sai ya ci, kuma ba kowa ke da gidan da za a kawo masa kwano ba. 'Yan gari ma yanzu da yawa a waje suke cin na rana. Ga tambayoyin da aka fi yi a kan wannan, da amsoshinsu.

Me zan fara dubawa idan na isa gidan abincin da ban sani ba?

Abu biyu: ciniki da tururi. Fenti da kujeru da allon suna su biyo baya.

Wurin da ake ciniki tukunyarsa ba ta kwana. Ana saukewa ana sayarwa ana ɗora wata, don haka abin da za a zuba maka bai daɗe da barin wuta ba. Ka kuma lura da irin mutanen da ke ci. Idan ma'aikatan ofisoshin kusa ne, da 'yan kasuwar layin, da 'yan kabu-kabun da suka san kowane lungu na garin, to alama ce mai kyau, domin su gobe ma nan za su dawo, kuma mai abincin ta san haka. Wurin da ya dogara ga matafiyi mai wucewa ba ya jin wannan nauyin.

Batun tururi kuwa, ga dalilinsa. Ƙwayoyin cutar da ke ɓata abinci suna hayayyafa ne tsakanin digiri 5 da digiri 60 a ma'aunin Selshiyos, kuma sun fi sauri a ɗumi irin na jikin mutum. A Sakkwato, daga Maris zuwa Mayu, zafin rana kan haura digiri 40, wato iskar garin kanta ta ishe su. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce kada dafaffen abinci ya wuce awa 2 a ajiye ba wuta ba sanyi. Kula tana riƙe zafi, amma duk buɗewa sai ta rage, kuma kular da aka cika da hantsi ana ta buɗe ta, kafin la'asar ɗumi kawai ya rage mata. In an buɗe ba ka ga tururi ya taso ba, ko an zuba man shanu a miya ya tsaya bai narke nan take ba, ka nemi a tafasa maka, ko ka zaɓi abin da ke kan wuta. Tambaya ba laifi ba ce. "Inna, yaushe anka sauke miyag ga?" Mai gaskiya za ta faɗa maka ba tare da ɓata rai ba.

Wane lokaci ya fi dacewa a je?

Kowane abinci da sa'arsa. Koko da ƙosai da masa na safe ne, daga bayan asuba zuwa hantsi, a ci su daga kasko ko tanda. Abincin rana yakan sauka wajen sha biyu zuwa ɗaya, kuma mafi kyawunsa tsakanin nan ne da ƙarfe biyu da rabi. Masu tsire da balangu suna hura wuta bayan la'asar. Tuwon dare daga magariba zuwa bayan isha'i.

Lokacin da ya fi hatsari shi ne tsakanin la'asar da magariba a wurin da ba ya girki sau biyu, domin abin da ya rage na rana ne ake ta juyawa. Haka ma can cikin dare. Ranar Juma'a wurare da dama suna rufewa ko su rage aiki lokacin masallaci, sai kuma cunkoso ya biyo bayan an sauko. Da azumi yawancin gidajen abinci na cikin gari ba sa buɗewa da rana, sai dab da shan ruwa. Mara lafiya ko matafiyi ya nemi otal ko wuraren da 'yan kudu ke sayarwa.

Ba za a bar ni in shiga kicin ba. Ta yaya zan gane tsaftar wuri?

Ba sai ka shiga ba. Ka leƙa wurin wanke-wanke, wanda galibi a gefe yake ko a baya. Ya kamata ka ga aƙalla roba biyu, uku ta fi: ta sabulu, ta ɗauraya, da ta ɗauraya ta biyu, kuma ruwan ta ƙarshe ya zama garai. In roba ɗaya ce da ruwa ya yi kauri, maiƙo na yawo a sama, duk kwanon da ya fito daga ciki ya ɗauko abin da na baya ya bari. Kwanukan da aka wanke a kife su a kwando su tsane. Goge su da tsumma guda tun safe mayar da datti ne.

Sai ruwan wanke hannu. Buta ko famfo ko bokiti mai famfo, da sabulu, shi ne daidai. Kwano guda da kowa ke tsoma hannu a ciki ba wanki ba ne, kuma tawul ɗin da aka rataye don kowa gara ka bar hannunka ya bushe da kansa.

Ka kalli hannun mai zubawa. Shin hannun da ya karɓi kuɗi shi ne ya ɗauko nama? Akwai cokali ko ludayi ga kowace tukunya? Farce a yanke yake? Ka duba ko kwata na bi ta kusa da murhu, da inda ake zubar da shara. Ƙuda ɗaya ko biyu ba a rasa su a garin nan, musamman lokacin mangwaro da damina. Abin tambaya shi ne ko abincin a rufe yake. Da hunturu kuma murfin ne ke tare ƙura.

A ƙarshe, daga ina ruwansu yake? Wurare da yawa daga 'yan garuwa suke saye. Wannan ba aibi ba ne ga girki, tunda za a tafasa, amma yana da muhimmanci ga ruwan sha da na wanke ganye.

Wace unguwa zan nufa?

Ya danganta da abin da kake nema. Tsohon gari, wajen Kanwuri da Hubbare da ƙofofi, nan ne gidan tuwo da masa da fura irin na gargajiya, kuma da yawansu ba su da allo, sai an nuna maka. Kewayen babbar kasuwa da babbar tashar mota akwai abinci mai sauƙin kuɗi da saurin ƙarewa, amma a tasha sai an zaɓa sosai. Mai son sakwara da agushi, amala ko teba, ya bi ta unguwar Sahara da titin Emir Yahaya da Ahmadu Bello Way. Gidajen abinci na zamani masu na'urar sanyaya ɗaki sun fi yawa a manyan tituna irin su titin Maiduguri da titin Kano da cikin GRA. Gawon Nama, saboda asibitin koyarwa, da unguwanni masu jama'a irin su Mabera da Arkilla da Runjin Sambo, ba a rasa masu abinci dare da rana.

Unguwa dai ba ta ba da tabbaci. A layi guda za ka samu mai kyau da marar kyau suna kallon juna. Ka tambayi wanda ke aiki a wurin, kuma ka gyara tambayar: maimakon "ina ne wuri mai kyau?", ka ce "kai a ina kake ci?"

Yaya ake gane tuwo da miya na ƙwarai?

Tuwon shinkafa mai kyau yana da laushi da danƙo, ya tuƙu har ba ka jin tsaba a yatsa, kuma ba ya dalala a kwano. Na dawa ko masara ko gero bai kamata ya yi gudaji ba, kuma kada ka ji warin ɗanyen gari, wanda ke nuna ba a bar shi ya turara ba bayan tuƙi. Malmalar da ta yi ɓawo a sama ta sha iska. Wadda ta yi gumi a cikin leda har ta fara yauƙi ko tsami, a bar ta.

Miya ita ke nuna hannun mai girki. Miyar kuka ta kaɗu sumul ba ƙulalai, ƙamshin daddawa ya fito amma kada ya danne komai. In ta yi baƙi tana ɗaci, kukar ta tsufa ko kanwa ta yi yawa. Kuɓewa ɗanya ta riƙe korenta da yauƙinta. Taushe a ji kabewa da gyaɗa a ciki, ba ruwan tumatir da aka yi wa kauri ba. Miyar da aka yi ta ƙara wa ruwa don ta kai dare tana rabuwa biyu a kwano, ruwa gefe mai gefe, kuma gishiri da dunƙule ne kaɗai ke tashi a baki. Wanda ya san girki ba ya ɓoye miyarsa a bayan barkono.

Miya mai gyaɗa ko agushi ta fi saurin lalacewa a zafi. In ka ga ƙananan kumfa na tasowa alhali ba a kan wuta take ba, ko ka ji tsami a miyar da ba ta yakuwa ba, ta juya. Ɗumame da safe, in ba na tuwon shinkafa ba ne, abinci ne mai kyau, da sharaɗin an tafasa tuwon da miyar har ciki, ba a ɗan gasa su a gefen murhu ba.

An ce shinkafa ta fi tuwo saurin ɓata ciki. Gaskiya ne?

Akwai gaskiya a ciki, kuma ya shafi tuwon shinkafa ma. Shinkafa na ɗauke da wata ƙwayar cuta wadda dahuwa ba ta kashe irinta. In aka bar dafaffiyar shinkafa a ɗumi na sa'o'i, sai ta farfaɗo ta saki guba, kuma sake ɗumamawa ba ya karya wannan gubar. Shi ya sa mutum zai ci soyayyiyar shinkafa da zafinta, bayan awa ɗaya zuwa biyar amai ya kama shi: an soya ta ne da farar shinkafar da ta kwana. Dafa-duka da garau-garau da ake saukewa ana sayarwa nan take ba su da wannan matsalar.

Abin da ake ɗorawa a gefe ma abin lura ne. Haɗin kabeji da karas mai mayonis, in ba daga firji ya fito da sanyinsa ba, ka ce a bar shi. Latas da tumatir da ba a dafa ba sun dogara ga ruwan da aka wanke su da shi. Da damina, lokacin da amai da gudawa ke yawaita, dafaffe kawai ya kamata baƙo ya ci. Wannan ya haɗa da kwaɗon zogale ko na rama da ya daɗe a tire.

Tsire da balangu fa? Wa zan saya wa?

Sakkwato garin dabbobi ne, ga kasuwar Kara ga jar akuyar da sunan garin ya bi ta duniya, kuma Rundawa, wato mahauta, sun gaji sana'arsu. Duk da haka a zaɓa. Ka tsaya wurin wanda kake ganin ɗanyen namansa da idonka: ja mai haske, kitse fari ko mai ɗan rawaya, ba wari, ba kore-kore. Ka tambayi naman mene ne, domin ana yanka raƙumi a garin nan ana sayarwa. Halal ne kuma yana da masoya, amma haƙƙinka ne ka san abin da ka biya.

Tsiren da aka jera a gefen tukuba tun la'asar, a mayar maka da shi wuta har ya yi ƙara kafin a yanka. Kaza kuwa a tsaga ta wajen cinya: in akwai ja a jikin ƙashi ko ruwan da ke fita bai yi fari ba, ba ta gasu ba. Babban abin da ke kawo matsala shi ne wuƙa da katako guda ga ɗanye da gasasshe. Mai nama nagari yana raba su. Albasa a yanka a gabanka. Yaji ya zama a rufe, ba warin tsohon mai ko na fumfuna, domin ƙuli-ƙulin da aka yi da ruɓaɓɓiyar gyaɗa yana ɗauke da gubar da ke illa ga hanta a hankali. A naɗe maka a farar takarda, tawadar jarida ba abin ci ba ce.

Kilishi mai kyau a bushe yake ƙayau, yana karyewa, ba ya lanƙwasa kamar fata. Mai danshi ba ya jure tafiya.

Ina ake samun kifi mai kyau?

Kifin gulbi na zuwa daga Rima da madatsun ruwa irin na Goronyo, kuma Kwalkwalawa a hanyar jami'a ta yi suna da shi. In za a gasa ko a yi maka farfesu, ka zaɓi kifin da kanka: tarwaɗa tana motsi, karfasa idonta garau, cikin kunnenta ja, in ka danna tsokar ta dawo. Soyayyen da aka tara a tire, a sake jefa shi a mai kafin a ba ka.

Zan iya shan fura da nono, zoɓo da kunun aya a ko'ina?

A'a, a nan ne aka fi samun matsala, domin ba a tafasa su bayan an haɗa. Tsamin nono yana rage wasu ƙwayoyin cuta, amma ba ya gyara ruwan da aka ƙara masa, kuma madarar da ba a dafa ba kafin a kwantar tana iya ɗauko cuta daga saniya. Ka sayi fura wurin da ake damawa a gabanka, ka ga ruwan da ake zubawa, ƙwarya da ludayi a rufe. Ƙanƙarar da aka fasa daga babban dunƙule aka jefa a ciki, ba ka san ruwanta ba. Gara a sanyaya abin sha daga waje.

Kunun aya ba ya jure zafi ko kaɗan. Robar da ta kumbura ko ta yi tsit da aka buɗe, ta fara tsami. Zoɓo da kunun zaƙi a tsofaffin robobin da aka tsinto ba a san yadda aka wanke su ba. Ruwan leda a duba lambar NAFDAC, a ga ba ya yoyo, a wanke bakin ledar kafin a kai baki.

Wuri mai tsada da na'urar sanyi bai fi buka aminci ba?

Ba dole ba. Babban gidan abinci ya dogara ga firji, firji kuma ya dogara ga wuta. In aka ɗauke wuta aka kashe janareto da dare don tsimin mai, kaza ta narke ta sake daskarewa, ba wanda zai gani a faranti. Mai tuwon da ta sayo nama a Kasuwar Daji da safe ta ƙarar kafin la'asar ba ta da wannan damuwar. Wurin zamani mai sola ko tsayayyen janareto, mai ciniki, yana da nasa fifikon: wurin zama, bayi, ruwan famfo. Ka lura da tiren da ke cikin gilashi, ko akwai wuta a ƙarƙashinsu ko fitila ce kawai ke haska su. Jerin abinci mai shafi huɗu a wurin da ba kowa yana nufin yawancinsu daga firji za a ciro. Ka duba man suya kuma: in ya yi baƙi, yana kumfa da hayaƙi, an daɗe ana maimaita shi, kuma za ka ji shi a maƙogwaro.

Yaya zan kauce wa rigimar kuɗi?

Ka tambayi farashi kafin a zuba. A buka ana lissafin tuwo da malmala, shinkafa da cokali ko faranti, nama da yanka, kowanne daban, don haka ka faɗi adadin da kake so. A wurin mai nama ka faɗi na nawa tun kafin ya ɗora wuƙa. Manyan wurare na iya ƙara harajin VAT, wanda yake kashi 7.5 cikin ɗari tun shekarar 2020, wasu har da kuɗin hidima da na robar ɗauka. Ka tambaya ko suna cikin farashin da aka rubuta. In da POS ko tura kuɗi za ka biya, ka tabbatar suna karɓa kafin ka ci, ka kuma riƙe 'yan canji saboda ranar da sabis ya ƙi.

Zan je da iyali. Me zan nema?

Wurin da ke da ɓangaren iyali ko ɗaki na daban, da bayi mai ruwa, da wurin salla a kusa. Yawancin bukoki benci ne na maza, mata kan aika a sayo. Ga yara, a nemi miyar da ba a zuba yaji ba, a sa yajin a gefe, a cire ƙayar kifi, kuma ruwansu a zo da shi daga gida.

Ina da hawan jini, ko ciwon suga, ko gyambon ciki. Me zan ce a ba ni?

Abincin sayarwa gishiri da dunƙule sun fi na gida yawa. Mai hawan jini ya rage romo da yajin tsire, ya ce kada a ƙara gishiri. Mai suga ya rage malmala ya ƙara miyar ganye da wake, ya sha fura ba sukari, kuma ya tuna fura kanta hatsi ce, a lissafa ta cikin abinci. Mai gyambon ciki ya guji yaji da soye-soye in suna tayar masa. Wanda jikinsa ba ya karɓar gyaɗa ya faɗa a fili, domin tana cikin tsire, kilishi, yaji, taushe, kwaɗo da man suya. Wannan duka ba ya maye gurbin abin da likitanka ya tsara maka.

In na yi oda ta waya ko na sa a ƙulla mini?

Hoto a Facebook ko WhatsApp ba ya nuna kicin, don haka ka fara da oda kaɗan, ko ka je da kanka sau ɗaya. Ka ce a raba miya da tuwo, a raba ganye da abu mai zafi. In za ka iya, ka ba da kularka, domin miya mai zafi a siririyar leda ba abin so ba ne. Awa biyun nan da aka ce kada dafaffen abinci ya wuce a ajiye tana farawa daga lokacin da aka zuba, ba lokacin da ɗan aike ya iso ba. Abincin da aka bari a mota a rana, ko na majinyaci da ya yini a gefen gado, kada a ci sai an tafasa, in shinkafa ce a zubar.

Cikina ya ɓaci bayan na ci a waje. Me zan yi, kuma wa zan kai wa ƙara?

Ba kullum abincin ƙarshe ne mai laifi ba. Amai cikin 'yan sa'o'i yakan nuna gubar da ta riga ta taru a abincin da ka ci yanzu. Gudawa da zazzaɓi na iya ɗaukar kwana ɗaya zuwa uku kafin su bayyana, taifot kuwa mako ɗaya zuwa uku. Ka tambayi waɗanda kuka ci tare.

Abu na farko shi ne mayar da ruwan jiki. A sha haɗin ORS na kemis, a narka shi a adadin ruwan da aka rubuta a jikin ledar. In babu, a zuba ƙaramin cokalin shayi 6 na sukari, a shafe ba a tula ba, da rabin ƙaramin cokalin shayi na gishiri a lita 1 ta tafasasshen ruwa, wato daidai ruwan leda 2, a riƙa kurɓa kaɗan-kaɗan. Kada a fara da maganin kashe ƙwayoyin cuta ba tare da an ga ma'aikacin lafiya ba. A tafi asibiti nan take in gudawar ta zama kamar ruwan shinkafa, ko akwai jini, ko zazzaɓi mai zafi, ko fitsari ya ɗauke, ko amai ya hana ruwa zama, haka kuma in yaro ne ƙarami, tsoho ko mai juna biyu.

Ka sanar da mai wurin cikin mutunci, domin ta yiwu akwai sauran abincin a tukunya ana sayarwa. In mutane da yawa ne suka kamu, a kai rahoto sashen lafiya na ƙaramar hukumar da wurin yake, Sakkwato ta Arewa, ta Kudu ko Wamakko, inda jami'an duba-gari suke, a faɗa musu ranar, lokacin, abin da aka ci da adadin waɗanda suka kwanta.